Wasiƙar Ista zuwa gida, da 'yar magana ga Auta

Zuwa ga Baba da Mama, Sabon Tasha, Kaduna.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Ista. Yaya zafi, yaya ƙafar Baba? Mu nan Ingila sanyi bai gama sakinmu ba, amma lafiya lau muke.

Mama, kin ce Auta ya kammala ajin baftisma, ranar Lahadi za a yi masa. Madalla. Don Allah a miƙa masa wannan takarda ya karanta a gabanku.

Auta, ka fara riƙe tsarin ceto yadda yake, don a nan mutane ke rikicewa. Afisawa 2:8-10 ta jera abu uku: alherin Allah ne ke ceto, ta hanyar bangaskiya ake karɓarsa, sannan kyawawan ayyuka su biyo baya. In ka sa ayyuka a gaba, ka zama mai ciniki da Allah. In kuma ka yar da su, Yakubu 2:17 ta ce bangaskiyarka matacciya ce. Ana cewa wai Allah ya ce tashi in taimake ka. A gona da kasuwa maganar tana da amfani, amma a zancen ceto shi ne ya fara tashi, tun muna masu zunubi, kamar yadda Romawa 5:8 ta nuna.

To ina ƙoƙarin yake? Bulus ya gaya wa Filibiyawa, a 2:12-13, su yi ta aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, domin Allah ne ke aiki a cikinsu. Yesu kuma, a Luka 13:24, ya ce a yi fama a shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Famar nan tana farawa ne da tuba, kuma tuba ta gaske takan ambaci laifi da sunansa. "Ka gafarta mana zunubanmu" a bakin taro ba ta da wuya. Zauna kai kaɗai, ka faɗa wa Allah abin da ka yi, da wanda ka yi wa. In akwai kayan wani a hannunka, mayar. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga murna ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuwa zai biya shi ninki huɗu. Kai ba sai ka kai ninki huɗu ba, amma canjin da aka aike ka da shi ka riƙe, da bashin mai shago na bakin layi, da wanda kuka daina gaisawa, duk ka gyara kafin Lahadi. Matiyu 5:23-24 ta ce a ajiye baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna.

Shi ruwan baftisma shaida ce, ba ya wanke zuciyar da ba ta tuba ba. Siman mai sihiri na Samariya ya shiga ruwa, ba a jima ba ya fito da kuɗi yana neman sayen ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take ba a gaban Allah. Ɓarawon da ke kan gicciye kuwa bai ga ruwa ba, ya samu Firdausi a ranar. Katin baftisma na ofishin ikilisiya ne, ka adana shi don ranar aure.

Inda aka fi faɗuwa bayan bikin ne. Zumuntar Mata sun yi guɗa, an ci shinkafa, an ɗauki hoto, bayan wata biyu sai a nemi mutum a rasa. Misalin mai shuka a Markus 4 ya ba da dalili: wani ba shi da saiwa, da tsanani ya zo sai ya yi tuntuɓe, wani kuma damuwar duniya da son dukiya suka shaƙe shi. Maganinsa ba wani abin mamaki ba ne. Ka ɗauki Bisharar Yahaya, surorinta 21 ne, ɗaya kowace safiya kafin ka taɓa waya, mako uku ka gama. Daga nan Markus mai sura 16, sai Yakubu mai sura 5, wanda zai ɗan ja maka kunne a kan harshe. Ka karanta da Hausa, da murya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshenmu, ba mu da hujja. Ka kuma nemi dattijo ɗaya a ikilisiya wanda zai iya tambayarka gaskiya ido da ido, kada ka zaɓi abokin wasanka. Ran da ka faɗi, kada kunya ta hana ka zuwa sujada, 1 Yahaya 1:9 don wannan ranar aka rubuta ta.

Baba, na turo ɗan abin cefane da kuɗin magani. A cire a saya wa Auta nasa Littafi Mai Tsarki mai bango mai ƙarfi, ya daina aron na Mama. A gaida Goggo da Kawu na Narayi, da Baba Fasto da iyalinsa. Zan kira bayan an tashi sujada.

Naku,
babban ɗanku.