Wasiƙa daga Marwa: jan baki da ƙaton kwaɗon kudu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kano, ya iyali, ya jikin Inna? Mu nan Marwa ta Kamaru lafiya lau sai zafi.

Satin da ya wuce na kai lodin albasa Duwala, a hanyar dawowa wajen Nkongsamba na ga yara bakin titi sun ɗaga wani abu suna tsayar da motoci, na ɗauka zomo ne, ashe kwaɗo ne wallahi. Ba irin burduddugin da muke gani a kududdufi da damina ba, wannan shi ake ce ma goliyat, duk duniya babu kwaɗon da ya kai shi, babbansa ya kan wuce kilo 3. Kuma ba ya ko'ina sai kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini. Na tsaya na duba shi da kyau, an ɗaure masa ƙugu da igiya, ido zuru, ko kuka ba ya yi irin na kwaɗinmu don ba shi da jakar nan ta maƙogwaro. Tausayi ya kama ni sosai.

Tun daga nan nake ta tunanin tsuntsun nan jan baki. Ka tuna yadda muke kaɗa gwangwani a gonar dawa tun asuba har murya ta dishe? Jan bakin ma ai cin sa ake kamar kwaɗon, a Chadi da raga ake kama shi da dare a soya a kai kasuwa, ga feshin jirgi, amma an ƙiyasta sun kai biliyan 1.5 a Afirka, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ma ta sa shi cikin waɗanda babu fargaba a kansu, shi ko kwaɗon tun 2004 yake layin masu haɗarin ƙarewa.

Jan baki in abinci ya ƙare nan sai ya bi ruwan sama ya yi gaba, ƙwansa wajen kwana 10 ya ƙyanƙyashe. Goliyat fa ba inda zai je, sai kogi mai gudu mai duwatsu cikin kurmi, har duwatsu yake turewa ya yi wa ƙwansa gurbi, to in aka sare dajin aka yi gona aka kuma bi manyan da dare da tocila me ya rage?

Yaran ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, amma abin ya tsaya min a rai har yau. Na ɗauki hoto zan turo maka ta WhatsApp in netwok ya yi kyau. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.