Gilashin Sin mai rufi biyu: kada hatimin gindi ya ruɗe mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin jan hankalin masu tara kayan tarihi game da tsofaffin kwalabe da tuluna na gilashi na ƙasar Sin, waɗanda ake lulluɓe launi ɗaya da wani sannan a sassaƙa. Abin da ke damunmu shi ne yadda mutane ke juya kwalba su ga hatimin Sarki Qianlong a gindinta, shi ke nan sai su saki jiki. Wannan hatimi mai haruffa huɗu an ci gaba da zana shi a kan kaya shekaru da dama bayan mulkinsa na 1736 zuwa 1795, har a kan na jabu na yau.

Sai an san yadda ake aikin kafin a iya tantancewa. Sarki Kangxi ne ya kafa masana'antar gilashi ta fada a Beijing a 1696, ƙarƙashin wani malamin mishan Bajamushe, Kilian Stumpf, yayin da garin Boshan na lardin Shandong ya daɗe yana samar da gilashi. Maƙeri yakan busa jikin kwalbar da farin gilashi, ko mai ɗigo-ɗigon fari a cikinsa, ya tsoma shi da zafinsa a narkakken gilashi ja ko shuɗi ko kore. Shuɗin daga sinadarin kobalt yake, jan kuwa daga zinari ko tagulla. Idan ya huce sannu a hankali, sai a miƙa wa masu sassaƙar jed, wani dutse mai daraja, su yi ta cin rufin saman da ƙaramin faifai mai juyawa da jiƙaƙƙen yashi mai kaifi, har furanni ko jemagu ko kifaye su fito a kan farin.

To, a nan hujja take. A ɗauki madubin ƙara girma mai ninki 10 da tocila, a haska daga gefe. A aikin hannu na ƙwarai, gefen kowane ganye yana gangarowa a hankali, launin yana yin haske inda rufin ya yi siriri, yana yin duhu inda ya yi kauri, kuma farin filin da ke tsakanin zane an goge shi sumul, ko da yake idan an kai ido kusa za a ga 'yan layukan faifai a lungunan da goga ba ta kai ba. Na zubi kuwa gefensa a dunƙule yake, wani lokaci da layin haɗi a tsaye. Wanda aka ci da asid filinsa garas-garas ne, ba shi da ƙyalli. A duba zoben gindi ma: karcen da shekaru suka yi yana bin kowace fuska ba tsari, na takardar yashi kuwa duk hanya ɗaya yake bi. Akwai ma na roba, wanda ba shi da nauyi kuma ba ya sanyi a tafin hannu.

Sai adanawa, inda ake yawan yin asara. Launuka biyun ba lallai su buɗe daidai da juna ba idan zafi ya taɓa su, don haka ruwan zafi ko hasken rana kai tsaye na iya tsaga kwalbar da ta shekara 200 lafiya. A wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a cikin roba da aka shimfiɗa wa tawul, kada a jiƙa ta ta kwana. Wasu na farkon ƙarni na 18 suna da ciwon da suka taso da shi: sinadarin da ke narkar da yashi ya yi yawa a haɗin da aka yi gilashin da shi, farar ƙasa ta yi kaɗan, sai gilashin ya riƙa jan danshi yana gumi, daga baya ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu ta hanyar ajiye shi a danshin iska na kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, ba hawa ba sauka. Kada kuma a yarda wani ya goge bakin da ya ɓalle domin ya yi kyau, don yana rage tsayin kayan, kuma masana suna ganewa nan take.

Wassalam,
Wasu masu nazarin tsofaffin kayan gilashi