A Ba Gajeren Labari Gurbinsa a Ajin Turanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin malaman Turanci, da shugabannin makarantu, da jami'an ma'aikatun ilimi na jihohinmu, kan wani sashe na darasin Turanci da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato koyar da ƙagaggen rubutu, musamman gajeren labari. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da na gani ya tabbatar mini cewa yawancin yaranmu suna kammala aji shida ba tare da an taɓa neman su ƙirƙiro labari nasu na kansu ba, a karanta shi, a nuna musu inda ya yi armashi da inda ya yi rauni.

Abin da ake kira insha'i a azuzuwa da dama bai wuce hadda ba. Malami zai rubuta misali a allo, kan babban abokina, ko yadda na yi hutun da ya wuce, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su zubo shi yadda yake. Shi ya sa za ka tarar da aji guda kowa babban abokinsa dogo ne, fari ne, abincin da ya fi so shinkafa da miya, kuma kowa ya je hutu gidan kawunsa a Legas ya ga teku, har da yaron da bai taɓa wuce tashar motar garinsu ba. Wanda aka horar da shi haka ya koyi darasi ɗaya tak, cewa Turanci harshe ne na faɗin abin da bai shafe shi ba.

Idan aka tambayi dalili, sai a ce jarrabawa ce ta ɗaure mana hannu. Wannan uzuri ba ya karɓuwa, domin ita kanta jarrabawar ba ta kori labari ba. A takardar Turanci ta hukumar WAEC, ana ba ɗalibi zaɓi tsakanin wasiƙa, da maƙala, da jawabi ko muhawara, da kuma labari, wanda sau da yawa ake cewa ya ƙare da wata jimla ko ya fito da ma'anar wani karin magana, kuma ana son rubutun ya kai kalma 450. Mu malamai ne muke raɗa wa yara cewa su guji labarin su ruga wajen wasiƙa, saboda tana da adireshi da gaisuwa da rufewa da za a iya haddacewa. Amma daga cikin maki 50 na insha'i, 20 na iya sarrafa harshe ne, sauran kuwa an raba su goma-goma tsakanin ƙunshiya, da tsari, da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Ke nan kaso mafi tsoka yana wurin da hadda ba ta da amfani, kuma ban san wata hanya da ke koya wa yaro sarrafa harshe kamar rubuta labari ba.

Dalilin a fili yake. Mai ba da labari dole ya riƙe lokacin da ya shuɗe tun daga farko har ƙarshe, kuma duk malamin da ya koyar da yaran da suka tashi da Hausa ya san nan ne suke yawan tuntuɓe, domin yadda Turanci ke sauya siffar aikatau ya bambanta da yadda Hausa ke nuna lokaci. Dole ya sa mutane su yi magana, wanda zai tilasta masa koyon alamar zance da waƙafi da alamar tambaya. Dole ya san abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya, sai sakin layi ya zo masa da kansa. Duk waɗannan muna koyar da su a darasin nahawu, ɗaya bayan ɗaya, a jimlolin da ba su da alaƙa da juna, yara su cike gurbi su ci maki, washegari su manta. A cikin labari kuwa yaro yana neman ƙa'idar ne saboda yana da abin da yake son faɗa.

Kuma yaranmu ba hannu rabbana suke zuwa aji ba. Wanda ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya riga ya san yadda ake buɗe labari, da yadda ake ƙulla rikici, da yadda ake jan ran mai sauraro kafin a warware. Na taɓa ba 'yan aji huɗu aikin su rubuta abin da ya faru a layin injin markaɗe ko a teburin mai shayi, bayan na bar su sun fara ba juna labarin da baki, da Hausa. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta rubuta labarin ƙanwarta da aka aika markaɗen wake, kuɗin suka faɗi a hanya, ta tsaya a layi tana barin na bayanta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya domin kada a kai kanta, har mai injin ya lura. Turancin cike yake da kurakurai, kusan kowane layi, amma da aka karanta shi a gaban aji babu wanda ya motsa sai da aka kai ƙarshe, kuma ita da kanta ta dawo tana tambayar yadda ake faɗin abubuwan da suka gagare ta.

A nan ne batun jan biro ya shigo. Idan malami ya karɓi irin wannan rubutu ya bi shi da ja tun daga kalmar farko, ya mayar wa yaro takarda da uku bisa goma a ƙasa, to ya kashe marubucin, kuma bai gyara Turancin ba. A ganina, karatun farko na labarin ne: me ya faru, wa ya yi, me ya sa, ina aka yi gaggawa. Sai yaro ya sake rubutawa, a karo na biyu a zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu a yi aiki a kansu. Na san za a ce ajinmu ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya karanta daftari biyu na kowane ɗalibi ba, kuma gaskiya ne. Sai dai ba lallai ne malami ya karanta komai shi kaɗai ba. Ana iya raba aji rukuni-rukuni su karanta wa juna, kowane rukuni ya fitar da labari ɗaya da za a tattauna a allo, kuma labarin da bai wuce shafi guda ba ya isa.

Akwai iyaye da malaman da ke kallon ƙagaggen labari a matsayin shiririta, ko koyon ƙarya, ko ƙofar shiga littattafan soyayya. Ina tuna musu cewa gasar rubutun Hausa da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta fito da ƙagaggun labaran Abubakar Imam, da Bello Kagara, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin makaranta ne kafin ya zama Firayim Minista. A zamaninmu kuma, Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos da ke rubutu da Turanci kan rayuwar Arewa, ya fara yin suna ne da gajerun labarai kafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata. Baiwar tana nan, makarantunmu ne ba su kula da ita ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne raba harshe da adabi a babbar sakandare, inda darasin adabin Turanci ya zama na 'yan sashen Arts kawai, ɗalibin kimiyya kuwa yana iya gamawa bai karanta gajeren labari ko ɗaya a aji ba. Wanda bai karanta ba, ba zai rubuta ba. Saboda haka ina kira ga kwalejojin ilimi su sa kowane mai neman shaidar NCE a fannin Turanci ya rubuta gajerun labarai da hannunsa kafin a yaye shi, ina kuma kira ga ma'aikatun ilimi su ware darasi ɗaya a kowane mako biyu domin wannan aiki. Reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, da ke jihohinmu zai iya tura mambobinsa makarantu su karanta wa yara ayyukansu. Ku ma 'yan jarida, da za ku ware ko da rabin shafi a wata domin labaran ɗaliban sakandare, na Hausa da na Turanci, da mun sami abin liƙawa a allon sanarwa na makaranta.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Daga Zariya, Jihar Kaduna.