Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiyar ido. Ga abin da ƙungiyarmu ta yi a shekarar da ta wuce. Bayanin kuɗi yana hannun Ma'aji, shi zai gabatar da shi ranar babban taro.

Abin da ya fi cin lokacinmu a shekarar shi ne karatun wata-wata kan gudun jini a tantanin bayan ido, wato retina. Dattawanmu ne suka nace a kan wannan darasi, kuma sun yi gaskiya. Hoton da muke ɗauka kullum ɓarnar da ta riga ta auku yake nunawa: ɗigon jini nan, kumburi can. Alhali mai ciwon suga ko mai sikila, jinin na iya fara tafiyar hawainiya a ƙananan jijiyoyi yana zaune lafiya lau, yana karanta jarida.

Mun faro daga tsohuwar hanyar duba gudun jinin, wadda ɗaliban likitanci biyu, Novotny da Alvis, suka wallafa a Amurka a 1961. Ana ɗura rinin fuloresin a jijiyar hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 sai ya iso ido, a bi shi da hotuna a jere. Wanda ya taɓa tsayawa bayan na'urar ya san yadda jijiyoyin suke haskawa ɗaya bayan ɗaya, inda ya toshe kuma ya zauna baƙi ƙirin. Sai dai akwai allura, wasu na jin tashin zuciya, fitsari kuma ya rine har kwana guda. Ku riƙa gaya wa majinyaci wannan tun kafin a fara, don Allah.

Daga nan muka shiga darasin awo da bidiyo, wanda ba ya buƙatar rini. Jar ƙwayar jini tana shanye koren haske, don haka idan aka haska ido da shi aka ɗauki hotuna da sauri sosai, kwamfuta na iya gwada wannan hoton da na bayansa, ta ga nisan da ƙwayoyin suka yi, ta fitar da gudunsu. Faɗin ƙwayar bai wuce maikuron 7 zuwa 8 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ido kuwa ba ya tsayawa cik ko da mutum ya ƙura shi. Wahalar aikin ke nan, sai an daidaita hotunan sun hau kan juna tukuna.

Ba mu da irin wannan na'ura. Abin da ke hannunmu waya ce da gilashin duba bayan ido da ake kira 20D, kuma matasanmu sun ƙware wajen ɗaukar bidiyon bayan ido da su. Amma ina jan hankali: wannan bidiyon ba ya auna gudun jini, kada wani ya ce wa majinyaci an auna masa.

Mun fita duba ido a Ranar Sikila ta Duniya, 19 ga Yuni, da Ranar Ciwon Suga, 14 ga Nuwamba. Abin da ya dame ni a can, masu sikila rukunin SC da yawa sun ɗauka nasu mai sauƙi ne, alhali su ne suka fi masu SS fuskantar tsirowar miyagun jijiyoyi a ido. Waɗanda muka ga alama a tare da su mun tura su wurin likitan retina.

Halartar karatun ta ja baya da damina. Kwamiti na neman shawararku kan sauya rana kafin babban taro.

Sakataren Ƙungiya