Kwalbar awonka ta iso Suame

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Ingila? Mu nan Kumasi sai godiya, illa ruwan sama da ya mai da lungunan Magazin, unguwarmu ta makanikai a Suame, taɓo.

Saƙonka ya iso lafiya. Doguwar kwalbar awon nan mai famfo a gindi ko tsagewa ba ta yi ba, Allah ya saka da alheri. Yaran gareji sai dariya suke, wai Masta ya koma likita.

Ranar Asabar na gwada ta a kan hed, wato murfin saman injin, na wani matashi mai son tsere, don in auna girman ramukan da fetur ke ƙonewa a ciki. Na kankare baƙin da ya daskare a ramukan tas, na bar bawul da filogi a mazauninsu, na shafa giris a bakin rami, na kifa farantin roba garai-garai da na huda a gefe. Sai na ɗan karkata hed ɗin hudar ta koma sama, na riƙa sakin kananzir kaɗan-kaɗan. Karon farko wata kumfar iska, ba ta fi ƙwayar dawa ba, ta maƙale kusa da filogi ta ƙi fita. Karo na biyu giris ne na cika, ya matso ciki ya cinye wuri. Sai a na uku awo ya tsaya, ni kuwa la'asar har ta kusa kufce mini.

Da na zauna da biro ne jikina ya yi sanyi. Injin lita 2 mai silinda huɗu, kowace silinda cc 500 ke nan. In sararin da ya rage bayan fistin ya kai ƙololuwa cc 50 ne, matsin da fistin ke yi wa iska da fetur ya zama 11 bisa 1. Rage cc 5 kacal, cikin cokalin shayi ɗaya fa, sai ya haura 12. Gasket ma, shimfiɗar nan ta tsakanin hed da injin da muke rainawa, mai kaurin milimita 1 da faɗin rami milimita 86, kusan cc 6 yake ɗauka shi kaɗai.

Yanzu na gane abin da ya sa masu duba injin a wajen tsere ba sa ɗaga ƙafa. Ƙananan motocin kart na ajin KZ da ka ba ni labari, masu cc 125, doka ta ce ramin ƙonewa kada ya gaza cc 11, kuma hed na ɗaure ake kai fistin sama a ɗura mai ta ramin filogi. Wanda nasa ya gaza, gudunsa na ranar ya tashi a banza.

Ka tuna tasin nan da ta yi zafi muka kai hed ɗinta aka aske sau biyu? Ta dawo tana ƙwanƙwasa, na rantse wa direban cewa fetur ɗinsa ne ba kyau. Wallahi tun Asabar take raina. Mu muka ƙara mata matsi da askin nan da ya rage ramin ƙonewa, ko awo ɗaya ba mu yi ba.

In ka samu mai zuwa, ka haɗo mini farantin roba mai kauri, nawa yana lanƙwasa in na danna. Mutanen Aboabo suna gaishe ka, Hajiya kuma ta ce har yanzu ba ta ga hoton jikanta ba.

Naka,
amininka na Suame