A Riƙa Ba Matar da Aka Saka Kwafin Takardarta Tun Ranar Farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan takardar shaidar mutuwar aure, da irin wahalar da ake sha kafin a karɓo kwafinta daga hannun girefiye, wato magatakardan kotu. Sana'ata ita ce rubuta wa mutane takardun neman abu daga hukuma a nan Tahoua, kuma a cikin masu zama kan bencina babu waɗanda lamarinsu yake ci mini rai kamar matan da ke neman shaidar cewa aurensu ya ƙare, domin kusan kullum mace ce take da bukatar wannan takarda, kuma kusan kullum ba a hannunta take ba.

Kowa ya san cewa har yanzu ƙasarmu Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya da ya haɗa kowa. Dokar tsarin kotuna mai lamba 2018-37 ta ranar 1 ga Yuni 2018, wadda ta maye gurbin ta shekarar 2004, ta bar maganar aure da saki da gado a ƙarƙashin al'adar masu shari'ar, shi ya sa alƙali yake zama tare da mataimakan da suka san al'ada, waɗanda galibinsu malamai ne, kuma a yankinmu abin da ake kira al'ada a wannan fanni yawancinsa fiƙihun Malikiyya ne. Ko dai miji ya furta saki ya zo gaban alƙali a tabbatar a rubuce, ko kuma mace ta kai ƙara alƙali ya raba auren da hukunci. Ta kowace hanya aka bi, asalin rubutun yana zama a ofishin girefiye, ba ya fita, abin da ake ba mutum shi ne kwafi mai hatimi da sa hannu.

A nan matsalar take somawa. Idan miji ne ya zo tabbatar da sakin, shi ake miƙa wa takarda, ya ninke ta ya sa aljihu, bayan girbi ya kama hanyar ci-rani kamar yadda mazan Adar suka saba, ya nufi Abijan ko Libiya ko Aljeriya ko Legas, takarda ta tafi tare da shi, matar kuwa tana gidan ubanta ba ta ma san an rubuta wani abu ba. Wannan ma mai dama-dama ke nan. Mafi yawan sakin da ake yi yanzu bai taɓa isa gaban alƙali ba: wani ta waya aka yi shi, wani saƙon murya ne ta WhatsApp wanda ya ɓace ranar da wayar ta lalace, wani kuma falle ne da aka yago daga littafin ɗan makaranta aka rubuta "ni wane na saki matata wance saki ɗaya", babu kwanan wata, babu sunan shaida. A wurin malamai sakin ya auku, amma babu ofishin da zai karɓi wannan falle.

Shi namiji da wuya a tambaye shi shaidar saki, tunda yana iya ƙara aure ko bai saki kowa ba. Mace kuwa ba ta da wannan sararin. Idan manemi ya fito kuma ana son a rubuta auren a meri, wato ofishin magajin gari, sai an ga shaidar cewa na farko ya mutu. Idan za ta nemi riƙon ƴaƴanta ko kuɗin ciyar da su, ko ta yi tafiya da su zuwa wata ƙasa, takardar nan ce za a fara tambaya. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne kwanan watan da ke jikinta, domin daga ranar saki ake lissafin idda, kuma a kan idda hukunce-hukunce masu yawa suke ratayuwa. Mijin da ya yi saki ɗaya yana iya mayar da matarsa kafin iddarta ta cika, kuma idan ya rasu a cikin wannan lokaci tana da gado, idan bayan ta fita idda ne ba ta da shi. Saboda haka ranar rabon gado, ko ranar da ake neman fanshon mamaci a CNSS ko CARENI, wato hukumomin biyan fansho, sai ka ga dangin miji suna rantsuwa an sake ta tun bara, ita tana rantsuwa da aurenta ya rasu, shaidun kuwa wani ya mutu wani yana bakin teku. Haka kuma mun sha ganin wanda ya dawo daga ci-rani ya tarar matar ta yi wani aure har da goyo, ya ce shi bai taɓa saki ba, ko ya ce ya mayar da ita ta waya tun tana cikin idda. Ba banza ba aya ta biyu ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umurni da a kafa shaidu biyu adilai, kuma a zamanin da mutane suke warwatse a ƙasashe haka, rajistar kotu ita ce shaidar da za a tarar a inda aka bar ta.

To, a ce an yi sa'a an rubuta, matar ta zo neman kwafi bayan shekaru. Girefiye zai tambaye ta lambar hukunci da kwanan watansa, ita kuwa abin da take riƙe da shi shi ne an yi abin bayan Sallar Layya kaɗan, shekarar da ruwa ya ci gidaje a garinsu. Manyan rajistocin nan da hannu aka cika su, bisa jerin kwanaki, ba bisa jerin sunaye ba, don haka sai an bi su shafi-shafi, ga ƙura, ga gara, ga waɗanda yoyon rufi ya manne shafukansu. Sannan ga rikicin rubuta suna da faransanci: a katinta an sa Aïchatou, a rajista Aïssatou, mijin a wata takarda Mahamadou, a wata Mahamane. Wata baiwar Allah da na rubuta wa takardar nema, wadda kawunta ya rako daga ƙauye, ta ce mini: "Baba, ni ba rigima na zo yi ba, mutanen da suka fito sun ce sai sun ga takarda, kuma an sa rana." A wata kotu aka raba aurenta da daɗewa, da aka duba sai aka tarar an furta hukuncin a zaure, an shigar da shi a littafin zama, amma ba a rubuta shi cikakke an sa hannu ba har aka canza wa alƙalin wurin aiki. Kuɗin motar da suka kashe wajen zuwa da komawa ya ninka kuɗin takardar kanta sau da yawa, kuma sai da aka ɗaga ranar auren.

Ba ina ɗora laifin a kan masu aikin girefiye ba, domin ina ganin yadda suke. Mutum guda ne zai zauna a zaman shari'a yana rubutu, ya fito ya buga hukunci, ya ba da takardar shaidar rashin laifi, ya shirya takardun shaidar zama ɗan ƙasa, kuma lokacin da aka buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata layin matasa yakan kai har bakin ƙofa. A irin wannan rana wa zai bar layi ya shiga ɗakin ajiya neman hukuncin shekara goma? Sai dai duk inda neman takarda ya yi wuya, ƴan kai-kawo ne suke cin riba, su tare baƙuwa tun a waje su ce sun san na ciki, su karɓi abin da ya fi ƙa'ida, ba resi ba komai. Tana biya ne kawai don ba ta san abin da hukuma ta kayyade ba.

Abin da nake roƙon ma'aikatar shari'a da shugabannin kotuna ba ya bukatar sabuwar doka. A daina ɗaukar takardar saki a matsayin kayan wanda ya zo nema: duk ranar da aka tabbatar da saki, a fitar da kwafi biyu, a kira matar ko waliyyinta a damƙa mata nata ta sa hannu, idan tana ƙauye a aika ta hannun hakimi ko maigari. Idan hukuncin bai kammala rubutuwa ba, a ba ta ƴar takardar shaida mai ɗauke da lamba da kwanan wata, domin da lambar nan kaɗai aikin mako guda yana komawa na minti goma. A kuma buɗe littafi ko fayil a kwamfuta mai jera sunayen miji da mata da garinsu, a liƙa farashin kwafi da na tambur, wato kan sarkin da ake mannawa a takarda, a bango da faransanci da Hausa da Tamajak. Dokar etasibil, wato rajistar al'umma, mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta sanya saki cikin abubuwan da ake rubutawa kamar haihuwa da aure da mutuwa, to ya kamata kotu da kanta ta riƙa aika wa meri sanarwa a rubuta a gefen takardar aure, kada a bar wa matar wannan zirga-zirga. Na san aure da yawa ba a rubuta shi a meri ba tun farko, balle a sami gefen da za a yi rubutu, kuma shi ya sa nake ganin zaman kotun tafi-da-gidanka da ake kaiwa ƙauyuka domin takardun haihuwar yara ya dace ya riƙa karɓar maganar aure da saki. Iyakar abin da zan ja kunne a kai shi ne kada sauƙin ya zama tonon asiri, kada a miƙa kwafi sai ga masu auren ko wanda ya zo da takardar wakilci, domin a cikin waɗannan hukunce-hukunce akwai maganganun ɗaki waɗanda bai kamata kishiya ko maƙwabci su karanta ba.

Su ma sarakuna da limamai da ke sasanta ma'aurata suna da nasu rabon. Idan sulhu ya ƙi, takardar da suka rubuta ta ɗauki kwanan wata na Musulunci da na boko, da adadin sakin, da cikakkun sunaye kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, da shaidu biyu, sannan su tura masu ita kotu tun maganar tana da ɗumi. Wadda kuma za ta je neman kwafi, ta tafi kotun da aka yi shari'ar, ba wadda ta fi kusa da ita ba, ta riƙe katinta da duk wata sammaci ko resi da ya rage a adaka, idan da hukunci aka raba auren ta nemi har da shaidar cewa ba a ɗaukaka ƙara ba, idan ta karɓa ta ɗauki hotonta a waya, ta kuma yi fotokwafi a buga mata hatimi. Wadda ba ta da hali ta tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, wadda take da rassa a manyan kotuna.

Daga gare ka kuwa, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinku ma'aikatar shari'a a Yamai ya tambayo nawa ne kuɗin kwafin hukuncin saki a ƙa'ida, kuma kwana nawa ya kamata a jira kafin a same shi, ku buga amsar da Hausa, mu kuma masu benci a bakin ofisoshi mu yanke shafin mu liƙa inda kowa zai gani.

Wassalam.

Naku,
Wani marubucin takardu, Tahoua