Zuwa ga masu kiɗan faifai na Maradi: maganar shimfiɗar platin

Assalamu alaikum ƴan'uwa abokan ciniki,

Muna gaisuwa, da fatan sana'a na tafiya lafiya. Ƙorafi guda ne ya sa muka rubuto. Mutum zai sayi platin, wato na'urar juya faifai, a shagonmu, bayan kwana biyu ya dawo da ita wai injin ba ƙarfi, da ya dafa faifai sai komai ya tsaya cik. In muka ɗaga shimfiɗar da ke sama, sai mu tarar da robar nan mai kauri da ke zuwa tare da platin tana kwance a ƙasa, ba a cire ta ba.

Robar ta mai sauraro a ɗaki ce, aikinta ta riƙe faifai gam. Shi kuwa DJ so yake ya tsai da faifai da yatsa alhali farantin ƙarfe na juyawa a ƙasa, in ya saki, waƙa ta faɗa daidai kan kiɗa. Aikin silifmat ke nan, shimfiɗar nan mai santsi da ake yankawa daidai faifan inci 12, wajen santimita 30. DJ Grandmaster Flash na Niyok ya ce a shekarun 1970 da hannunsa ya yanka tasa, ya haɗa da takarda mai kakin zuma. To, ku fara da cire robar.

Wajen zaɓe, sana'arka za ka duba. Mai haɗa waƙoƙi a gidan biki ya ɗauki mai ɗan kauri, don tana rage girgizar manyan lasifika kafin ta kai ga allura. Mai kartar faifai kuma, wato mai jan sa gaba da baya da hannu, siririya ce tasa, ya ƙara leda mai santsi a ƙasanta. Ko ledar cikin jakar faifai ka yanka, ka huda tsakiya, ta isa. Masu zane kala-kala sun fi tafiya a wurinmu, amma fenti mai kauri yakan kama faifai, mu dai ba ita za mu zaɓar muku ba.

Da yake robar ta fi silifmat kauri, in an cire ta faifai zai sauka ƙasa, sai a sauke hannun allura ya miƙe daidai da faifai. A platin ƙirar Technics SL-1200 MK2, wadda ta fito a 1979, zoben da ke gindin hannun ake murɗawa. Wanda platin ɗinsa ke juyawa da bel, gaskiya ba shimfiɗar da za ta ba shi ƙarfin wadda injinta ke juya farantin kai tsaye.

Ga hunturu kuma, kun san ƙurar Maradi. Shimfiɗa na shan ƙura, ga bushewar iska da ke sa ta manne wa faifai har ka ji tas-tas. Ku kakkaɓe bayan kowane aiki, ku ajiye a kwance, kada a ninke ko a bar ta cikin mota a rana.

Wanda ke shakka ya zo da faifansa ya gwada a kan platin ɗin shago kafin ya biya ko dala.

Mun gode ƙwarai,
Naku, masu shago